Talata a Kantin Kwari

Yau na raka Gwaggo Kantin Kwari, ta fara haɗa lefen ƙanena. Rana ta take, kasuwa ta cika maƙil, 'yan dako sai "hanya, hanya!" suke da diloli a ka.

A shagon da muka zauna, Gwaggo ta taya turmin atamfa, mai shago ya girgiza kai. "Albarka, Hajiya. Ai kin san dala." Ya ɗago waya ya nuna mana saƙon wakilinsa na Guangzhou: kuɗin jirgin ruwa ya ƙaru, kwantena kuma ba ta ma iso Legas ba. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ina ruwana da dala? Ni naira na riƙo." Kowa ya yi dariya, amma ni jikina ya yi sanyi. Dunƙulewar duniyar da ake ta faɗa a rediyo ke nan: tsohuwa a Kano, farashin zaninta yana hannun masaƙa a Sin da 'yan canji.

A adaidaita ta ɗauko zancen Kakuri, inda marigayi mijinta ya yi aikin masaƙa. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) a can Kakuri, Kaduna, wasu suka biyo baya. Auduga daga Funtuwa da Gusau, saƙa a gida, albashi a gida. Ta ce in aka tashi aiki, kekuna har tare titi suke yi. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, Sin ta shiga a 2001, a 2002 KTL ta rufe. Ba na ɗora wa Sinawa laifin duka. Masaƙar da ke kwana kan janareto yaya za ta yi gogayya da wadda wuta ba ta ɗauke mata? Ga kuma fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi.

Abin da ya fi ci mini rai, ba yau Kano ta fara ciniki da nesa ba. Turkuɗin Kura har Agadas da Tambutu ayari ke kai shi. A da mu ke ɗaure kaya, yanzu kwancewa kawai muke yi.

Duk da haka 'yar Sin ɗin muka saya, don ita aljihu zai ɗauka, kuma zanenta ba laifi. Gwaggo ta murza bakin zanin da yatsa, ta taɓe baki, ta ce in ya sha wanki biyu za a san gaskiyarsa.

Gobe in Allah ya kai mu sai neman akwatuna. Ƙafafuna ciwo suke.