Zanen Ginin Wasan Kwaikwayo a Kwaleji: Abin da Aikin Ya Koya Mini

Lokacin da hukumar wata kwalejin ilimi a Arewa ta ba ni aikin zana ginin sashen wasan kwaikwayo da kiɗa da raye-raye, takardar buƙatun da aka miƙo mini ta nemi katafaren zaure guda ɗaya wanda zai ɗauki bikin yaye ɗalibai da manyan laccoci da jarrabawa, sannan a yi wasa a cikinsa duk ranar da babu taro. Na fahimci dalilinsu, domin kuɗin gini ba kullum yake samuwa ba, kuma wanda ya same shi yana so ya biya buƙatu da yawa da shi. Sai dai zauren taro daban, zauren wasa daban. Ɗan kallo da ya yi nisan da ya wuce kimanin mita 20 daga dandamali ba ya iya karanta fuskar ɗan wasa, kuma ɗalibar da take shekararta ta farko ba ta da muryar da za ta cika zauren mutum dubu sai da lasifika, alhali muryar ita ce aka kawo ta ta koya. A zaman kwamiti na ce wa shugaban kwalejin, "Ranka ya daɗe, bikin yaye ɗalibai rana ɗaya ne a shekara, kuma rumfa tana iya ɗaukarsa, amma darasi kullum ne." An ɗauki lokaci ana kai da komo kafin a amince a rage girman zauren.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ginin da ake kira Drama Village a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya zana a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton yake koyar da wasan kwaikwayo a can. Da ƙasa aka gina shi, kuma tsarinsa na gidan Bahaushe ne: ɗakuna kewayayyu sun zagaye fili a tsakiya, ta yadda mai shirya wasa yake da zaɓin inda zai ajiye 'yan wasa da inda zai zaunar da 'yan kallo. Ban kwaikwayi siffarsa ba, amma na ɗauki hujjarsa. Tashe da dambe da kokowa da wasan 'yan kama duk a tsakiyar jama'a ake yin su, masu kallo sun yi zobe suna amsawa, don haka ginin da ya kafe kujeru a jere suna fuskantar labule ya riga ya yanke wa ɗalibi hukuncin cewa irin wasan Turai kaɗai zai koya. Sai na raba ginin uku: zaure madaidaici mai kujerun da ake iya ɗagawa a sake musu jeri, da tsakar gida marar rufi mai matakalar zama a kewaye, da ɗakunan gwaji da na koyon kiɗa.

Batun sauti ne ya fi cin lokacina, kuma a nan ne na ga cewa kunne ya kamata ya jagoranci alƙalamin mai zane. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyyar sauti, Wallace Sabine, ya gano a Jami'ar Harvard cewa tsawon lokacin da sauti yake ɗauka kafin ya mutu a ɗaki yana ƙaruwa da girman ɗakin, yana kuma raguwa da yawan abubuwan da suke shanye shi, irin su labule da kujeru masu katifa da jikin mutane. Magana tana son sauti ya mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka, in ba haka ba kalmomi su hau kan juna, yayin da manyan zaurukan kiɗan Turai suke neman kusan daƙiƙa biyu. Kayan kiɗanmu kuwa wani lamari ne daban, domin ganga da kalangu da algaita da kakaki don fili aka yi su, ƙofar fada da dandali da gona, kuma idan aka kulle su a ɗaki mai bangon siminti sumul sai amon ya rikiɗe ya zama hayaniya, har makaɗin kansa ya kasa bambance bugunsa. Saboda haka na karkatar da bangwayen gefe kaɗan don kada su fuskanci juna daidai su riƙa jefa wa juna amsa-kuwwa, na lulluɓe bangon baya da katako mai ramuka da auduga ta gilashi a bayansa, na kuma sa labule mai kauri da ake ja a kan dogo, a buɗe shi ranar waƙa, a rufe ranar ganga. Da aka gama filasta na tsaya a tsakiyar dandamali na tafa hannu sau ɗaya, wani malamin sashen yana zaune a layin ƙarshe, sannan na yi magana ƙasa-ƙasa na nemi ya maimaita abin da na faɗa. Wannan gwaji ba ya maye gurbin lissafi, amma shi ne wanda kwamiti ya fi yarda da shi.

Ƙarar waje ita ma tana iya kashe wasa. Rufin kwano tsirara ba ya barin a ji kowa da zarar ruwan Agusta ya sauko, don haka na sa silin mai nauyi da abin tare sauti tsakaninsa da kwanon. Ɗakin janareta na kai shi can bayan wurin ajiye motoci. Bututun iskar sanyi kuma na faɗaɗa su, saboda iskar da ke tafiya a hankali ba ta huci. Kaurin bango na koyo shi daga soron gargajiya, wanda yake riƙe sanyin dare har tsakar rana, abin da ya rage dogaro da wutar da kowa ya san halinta.

Mun yi jayayya da ɗan kwangila a kan daɓen dandamali, domin shi tayil ya so ya shimfiɗa, a ganinsa ya fi kyau kuma ya fi saurin gamawa. Mai rawa da yake dira a kan kankare gwiwarsa da idon sawunsa ne suke biyan kuɗin, kuma ɗalibanmu da yawa ba takalmi suke rawa. Na tsaya a kan kafinta har ya jera ƙananan robobi a kan simintin, ya ɗora sandunan katako a kansu, ya gicciya wasu a sama, sannan ya rufe da falanki, bayan an shafe katakon duka da maganin gara. Idan mutum ya yi tsalle a kai yana jin ƙasa ta ɗan ba shi hanya, ba tare da ta yi bori ba.

Bayan dandamali shi ne wurin da masu ba da aiki suka fi son a matse, saboda baƙo ba ya ganinsa, ni kuwa a ganina rabin karatun a can yake. Na haɗa ɗakin kafinta da dandamali a daɓe ɗaya babu matakala, da ƙofa mai tsawo da faɗin da za a turo bangon wasa a tsaye. Na ware ɗakunan sauya kaya na mata da na maza, kowanne da hanyarsa da banɗakinsa da wurin alwala, domin akwai iyayen da wannan ne sharaɗinsu kafin su bar 'yarsu ta shiga sashen. Doguwar hasumiyar da ake janye labule da kayan wasa sama a manyan gidajen wasa kuwa na bar ta, don tsayinta yakan ninka tsayin buɗin gaban dandamali fiye da sau biyu, kuma injinanta suna buƙatar ma'aikacin da kwalejin ba ta da gurbinsa. A maimakonta na sa sandunan ƙarfe na rataye fitilu da siririyar gada mai makari a gefensu, inda malami zai hau da ɗalibai uku ko huɗu ya nuna musu yadda ake saita haske da hannunsu.