Cocin Cluny sai da ƙafa ake auna shi

Duk mai niyyar zuwa Cluny, a yankin Burgundy na ƙasar Faransa, gara ya sani tun daga gida cewa yawancin abin da zai je gani babu shi. Daga Mâcon na shiga bas, na sauka a wani ɗan gari mai tsit. A nan aka taɓa yin cocin da ya fi kowanne girma a Turai, kafin a sake gina na Saint Peter a Rum a ƙarni na 16.

A shekarar 910 William, mai mulkin Aquitaine, ya ba da filin don a kafa gidan 'yan zuhudu masu bin ƙa'idar Benedict, waliyyin Kirista da ya tsara rayuwar 'yan zuhudu. Ya gindaya sharaɗi: babu basaraken da zai sa musu hannu, Fafaroma kaɗai ke sama da su. Wannan 'yanci ne ya ɗaga su, har ɗaruruwan gidajen 'yan zuhudu a Turai suka koma ƙarƙashinsu. Shugabansu Hugh ya fara babban cocin a 1088, aka keɓe shi a 1130.

Abu na farko da na koya shi ne a fara da hawa hasumiyar da ake kira Tour des Fromages. Daga sama ido ke iya haɗa guntayen da suka warwatsu cikin gari. Da na sauko sai na koma inda ƙofar shiga take a da, na bi kututturan ginshiƙai, na ƙetare titi, na yi ta tafiya. Tsawon cocin ya kai kamar mita 187, wato duk wannan tafiya a da a ƙarƙashin rufi ɗaya ake yin ta. Babu hoton da zai gaya maka haka.

Abin da ya tsira bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, galibi reshen ginin na kudu da hasumiyarsa mai kusurwa takwas. Na tsaya a ciki na ɗaga kai: rufin dutse mai baka, kusan mita 30 daga ƙasa, kuma wannan reshe ne kawai! A tsohon rumbun garin alkama na ƙarni na 13 aka ajiye kawunan ginshiƙai takwas da aka ceto. Biyu daga ciki an sassaƙa musu mutane riƙe da kayan kiɗa, suna wakiltar muryoyin waƙar ibada. A nan na fi daɗewa, domin mutanen Cluny sun ba addu'a da rera zabura mafi yawan yininsu, kuma dutsen ya nuna haka.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Shugaban gidan, Peter, shi ya sa aka fassara Alƙur'ani zuwa Latin a karon farko, Robert na Ketton ya kammala a 1143 a Sifaniya. Niyyarsa ita ce ya yi wa Musulunci raddi, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ya zaɓi ya karanta kafin ya yi magana, a zamanin da takobi ke gaba da littafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba yaƙi ya rushe Cluny ba. Bayan juyin juya halin Faransa an kori 'yan zuhudun, aka sayar da ginin a 1798, masu saye suka riƙa fasa shi har da albarushi suna sayar da duwatsun, har zuwa 1823. Na tuna ganuwar Kano, wadda ita ma kaɗan-kaɗan ake ci, mutane na wucewa. Sai daga 1928 wani masani ɗan Amurka, Kenneth Conant, ya shafe shekaru yana haƙa, ya fito da zanen yadda cocin yake. Wanda zai je ya dubi wannan zane tukuna, ya kuma ware lokacin zaga gari, domin duwatsun cocin da yawa suna jikin gidajen mutane.