Talata: ashe sunan shafinmu ba a hannunmu yake ba

Ko karyawa ban yi ba wata kwastoma daga Kaduna ta turo min saƙo a WhatsApp, wai ta shiga shafinmu tana son ganin sabbin atamfofi amma ba komai sai wasu tallace-tallace da ba ta gane kansu ba. Ni wallahi na ɗauka netwok ne, na gwada da wayar Yaya, duk ɗaya. Ashe domen ɗin ne, wato sunan adireshin shafinmu a intanet, wa'adinsa ya cika tun makon jiya ba mu sani ba.

Kuma ta ina za mu sani? Yaron da ya haɗa mana shafin shekara biyu da suka wuce da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajista, mu dai kuɗi muka tura masa muka ce Allah ya yi albarka, to duk saƙon tuni da kamfanin rajistar ke aikowa can yake faɗawa.

Da na isa Kantin Kwari na faɗa wa Yaya, ya ce "to ba mun biya ba?" Na ce "Yaya mun biya, amma fa kamar ka gina gida ne takardar filin tana aljihun dillali." Shiru ya yi yana kallon ledojin da muka buga da adireshin a jiki, ga katuna, ga allon ƙofar shago.

Abin da ya fi tayar min da hankali, shi domen haya ne, shekara-shekara ake sabuntawa, kuma irin namu na .com in ya ƙare ana ɗan ɗaga ƙafa, daga nan ya shiga wasu kwana 30 da sai ka biya tara mai tsada kafin a dawo maka da shi, in wannan ma ya wuce a sake shi kasuwa duk wanda ya riga ya saya. Ka ga wani ya ɗauka yana karɓar kuɗin mutane da sunanmu, ina za mu sa kanmu?

Sai bayan la'asar yaron ya ɗaga waya, yana bautar ƙasa a kudu. Ba mugunta ya yi ba, tsohon imel ɗin ne ya daina buɗewa, har kunya ta kama shi yana ta "yi haƙuri Yaya". Muka tura kuɗi ya sabunta, ni kuma na buɗe akawun da imel ɗin shago ya turo domen ɗin ciki, na canza sunan mai shi zuwa sunan kasuwancinmu. Sun nuna za a kulle shi kwana 60 ba a kai shi wani kamfani ba, na ce ba komai, ba inda za mu.

Yaya ya ce a kama .com.ng ɗin ma, wanda ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng na Najeriya, kafin wani ya riga mu. Fasuwod na rubuta a littafin bashi, don shi ne kaɗai ba ya ɓata a shagon nan.

Yanzu ina kwance ya faɗo min a rai, Instagram ɗin ma da lambar wa aka buɗe?