Rabin Sa'ar Daren Alhamis: Wasiƙa Daga Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, yau labarin wani shirin talabijin na kawo muku, shirin da ya yi shekara 42 yana juya matasan Birtaniya kafin ya kwanta dama. Sunansa Top of the Pops, shirin waƙoƙi na gidan BBC. Duk Baturen da ya haura shekara arba'in, in ka ambaci sunan nan a gabansa, sai ka ga fuskarsa ta sake, ya shiga ba ka labarin daren Alhamis a falon gidansu, da yadda ubansa ke tsaki daga bayan jarida.

An fara shirin ranar 1 ga Janairu, 1964, kuma ba a Landan ba. A Mancesta aka fara, cikin wani tsohon coci da ke titin Dickenson a unguwar Rusholme, wanda aka mayar situdiyo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku matsayin da manyan gidan suka ba abin. 'Yan makonni aka yanka masa, a gwada a gani. Dalilin yin sa ma kishi ne: tashar ITV ta riga ta fito da nata shirin matasa, Ready Steady Go!, tun watan Agusta na 1963, yara sun koma can. Ƙungiyar Rolling Stones na cikin waɗanda suka fito a daren farko, Beatles kuma su ne ke kan gaba a kasuwa a makon.

Abin da ya raya shirin, a ganina, ba mawaƙan ba ne. Doka ce guda da furodusansa na farko, Johnnie Stewart, ya kafa. Ba a gayyatar mawaƙi don furodusa yana son muryarsa, ko don masana sun yaba. Jadawalin cinikin faifai na mako shi ne alƙali. In waƙarka tana hawa, ƙofa a buɗe take. In ta fara gangarowa, ko kai wane ne, sai ka jira wata. Ba a maimaita waƙa mako biyu a jere sai fa in ita ce ta ɗaya, kuma ta ɗayan ita ke rufe shiri.

To su wa ke sayen faifan? Yara ne, 'yan shekara goma sha. A tsakiyar shekarun 1960 ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowane gefe sule shida da kwabo takwas ne, uku a fam guda ke nan. Yarinya mai taya tsaron kanti ranar Asabar, ko yaro mai raba jarida da sassafe, yana iya tara wannan. Ma'ana, kuɗin aljihun yara ne ke yanke abin da gidan talabijin na ƙasa zai nuna a lokacin da kowa ke gida. Ku tuna kuma lokacin tashoshi ba su wuce uku ba, sai a 1982 ta huɗu ta zo, kuma galibin gidaje akwati ɗaya ne a falo. Kaka da uwa da uba, ko suna so ko ba sa so, sai sun zauna sun kalli zaɓin 'ya'yansu. A shekarun 1970 masu kallo kan kai miliyan 15 a mako, kuma a watan Oktoba na 1979, da ma'aikatan ITV suka shiga yajin aiki tashar ta rufe, adadin ya haura miliyan 19.

Yadda ake haɗa shirin kansa gudun ceton rai ne. Shekaru da dama ranar Talata da rana ake sanar da sabon jadawali a tashar Radio 1. A yinin nan furodusa zai zauna ya tsara waɗanda za a kira, 'yan tallan kamfanonin faifai sun yi dafifi a ƙofa kowa yana cusa nasa. Laraba a ɗauka, Alhamis a nuna. Mawaƙin da ke wata ƙasa yana wasa sai ya hau jirgi ya dawo, domin minti uku a wannan dandali kan ɗaga waƙa sama a jadawalin mako mai zuwa. Inda kuɗi yake kuwa ba a rasa maguɗi. Tun da daga wasu zaɓaɓɓun kantuna ake tattara lissafin ciniki, kamfanoni sun sha tura mutane su saye faifansu da kansu a waɗannan kantuna, ko su ba masu kanti kyauta, don dai waƙa ta hau ta samu shiga. Saboda haka ba na cewa jadawalin tsarkakakke ne. Amma maguɗi iyakarsa ya kai ka bakin ƙofa. In yara sun gani ba su so ba, mako mai zuwa ka faɗo.

Sai maganar motsa baki, wadda Turawa har yau ke yi wa shirin dariya a kanta. A farko ba a ɓoye komai ba: ana nuna wata budurwa tana ɗora faifai a kan garmaho, mawaƙa su hau dandali su bi da baki. A 1966 ƙungiyar makaɗa ta ƙasa ta ce ba ta yarda ba, ana toshe wa 'ya'yanta hanyar abinci. A shekarar ne shirin ya koma Landan, aka kafa masa rukunin makaɗa na kansa ƙarƙashin Johnny Pearson. Daga baya aka sasanta cewa mawaƙa su sake ɗaukar kiɗan musamman don shirin, a gaban wakilin ƙungiya. Da yawa cikinsu sun faɗa da bakinsu bayan shekaru cewa wasan yara aka riƙa yi: a ja wakilin waje a saya masa abin sha, kafin ya dawo an musanya tef ɗin da na asali. Haka aka yi ta jan zare, yau a ce kowa ya rera da muryarsa, gobe a sassauta. A 1991, da ƙungiyar Nirvana ta Amurka ta zo aka ce mata kiɗan na tef ne, murya kaɗai ce ta gaske, sai mawaƙinsu Kurt Cobain ya sauke murya can ƙasa kamar mai makoki, abokansa suna wasa da kayan kiɗa a fili don kowa ya gane ba kaɗawa suke ba. Ni dai wannan ce-ce-ku-ce bai taɓa damuna ba. Yaran da ke gaban akwati ba jarrabawar murya suka zo yi ba. Sun zo ganin aski, da takalmi, da yadda ake tsayawa.

In mawaƙi bai samu zuwa ba, musamman na Amurka, sai 'yan rawa su cike gurbi. Mafi shahara su ne Pan's People, daga 1968 zuwa 1976, sai Legs & Co. har 1981, kuma mace ɗaya, Flick Colby, ita ce ta daɗe tana tsara musu taku, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Turawa da kansu kan ce wannan sashe don iyaye maza aka yi shi. Bidiyon waƙa ne ya kashe musu kasuwa. A watan Nuwamba na 1975 ƙungiyar Queen ta aiko da hoton wata waƙarta da ta ɗauka cikin 'yan sa'o'i a madadin zuwa, waƙar ta yi mako tara tana ta ɗaya, kamfanoni suka ga hanya.

Dokar jadawalin nan ta shigar da mutanen da in da zaɓin manya ne, da wuya su ga ƙofar BBC a lokacin. Desmond Dekker, mutumin Jamaika, ya kai na ɗaya a 1969 da kiɗan tsibirinsu, a daidai lokacin da ake ta hayaniyar siyasa kan baƙin haure. A 1982 wasu yara baƙaƙe 'yan makaranta daga Bamingham, Musical Youth, suka hau kan jadawali. Sade, wadda aka haifa a Ibadan, ta bi ta wannan dandali a 1984. Yaron baƙi da ke zaune a wani gari na arewacin Ingila, wanda ba ya ganin mai kama da shi a talabijin duk mako, yakan gan shi ranar Alhamis, kuma Jumma'a da safe abokan ajinsa suna rera waƙar. Haka nan ranar 6 ga Yuli, 1972, David Bowie ya fito da jan gashi da kaya masu walƙiya, ya rataya hannu a kafaɗar makaɗinsa, ya nuna kyamara da yatsa. Iyaye suka yi tir, mawaƙa da dama na shekarun 1980 kuwa sun ce a daren suka yanke shawarar abin da za su zama.

Wani lokaci kuma dokar takan juyo ta ciji mai ita. A farkon 1984 BBC ta haramta wata waƙa ta ƙungiyar Frankie Goes to Hollywood saboda batsa. Haramcin ya zame mata talla, ta hau ta ɗaya ta zauna mako biyar. Shirin da aka gina kan cewa ta ɗaya ce ke rufe taro sai ya koma nuna hoton mawaƙan kawai, a yi sauri a saka wata.

Yanzu ga inda labarin ke ɗaci, kuma shi ne ya sa na ga ya cancanci wasiƙa. Gidan da ya ci moriyar yaran nan bai ɗauke su da daraja ba. Shaida ta farko tana ɗakin ajiya. Tef na da tsada a wancan zamani, don haka BBC kan goge shiri ta ɗora wani a kai, kuma sai a 1978 ta fito da tsarin adana kayanta. Cikin shirye-shirye ɗari biyar na farko, waɗanda suka tsira ba su wuce ashirin da wani abu ba. Beatles sau ɗaya tak suka zo situdiyon kai tsaye, ranar 16 ga Yuni, 1966, shi ma an goge. Abin da ya rage guntaye ne marasa sauti da masu kallo suka ɗauka daga akwatin gidansu. Wani wasan Bowie na 1973 sai a 2011 ya bayyana, a hannun mai ɗaukar hoton da ya ajiye wa kansa kwafi. A idon manyan gidan, waƙar yara kayan mako guda ce.

Shaida ta biyu ta fi muni. Mutumin da ya gabatar da shirin farko, Jimmy Savile, ya mutu a watan Oktoba na 2011 da lambar girmamawa ta sarauta da sunan mai taimakon asibitoci. Shekara guda bayan haka asiri ya tonu cewa ya shafe shekaru gommai yana lalata da yara da mata. BBC ta naɗa tsohuwar alƙaliya, Dame Janet Smith, ta yi bincike, rahotonta ya fito a watan Fabrairu na 2016. Ta gano mutum 72 da ya cutar ta hanyar aikinsa da gidan, wasu a harabar wannan shiri. Ta ce ba ta samu hujjar cewa shugabannin ƙoli sun sani ba, amma akwai ma'aikata da suka ji ko suka gani, tsoro da girmama taurari suka rufe musu baki. Tun 1971 jaridu sun yi ƙorafi kan abin da ke samun 'yan mata masu zuwa rawa a situdiyon. Matakin da aka ɗauka shi ne ɗaga shekarun shiga daga 15 zuwa 16, ba a tona ƙasa ba. An ba kura ajiyar nama, rahoto kuma ya zo bayan shekara 45, ihu bayan hari. Yaran da ake turawa gaban kyamara su yi tsalle su yi murmushi, ado ne kawai a wurin masu shirin.

Mutuwar shirin ba ta buƙatar dogon bayani. MTV, tashar bidiyon waƙoƙi, ta fara a Amurka a 1981, ta iso Turai a 1987, waƙa ta koma dare da rana. Akwati na biyu ya shiga ɗakin yara. A 1996 aka ɗauke shirin daga Alhamis zuwa Jumma'a, aka haɗa shi karo da Coronation Street, wasan kwaikwayon da ya fi kowane jan jama'a a ITV, ga shi kuma daren da matasa ke fita. Kamfanoni sun koyi sakin waƙa ga rediyo makonni kafin ta shiga kanti, sai ta faɗo kan ta ɗaya a makon farko ta gangaro a na biyu, hawa a hankali da ke sa mutane jira ya ɓace. A 2005 aka tura shi BBC Two ranar Lahadi, shekarar da YouTube ta fito. Ranar 30 ga Yuli, 2006, aka yi na ƙarshe, bayan fiye da shiri 2,200, aka bar na Kirsimeti kawai. Wanda aka gayyato ya kashe fitilun situdiyo a daren, Savile ne.

Wasu a nan na cewa da an bar shi ranar Alhamis da ya rayu. Ban yarda ba. Ƙarfinsa daga ƙarancin zaɓi ya fito, kuma ba mai dawo da wannan. Jadawalin yana nan, tun 2014 ma ana lissafa sauraro ta intanet a cikinsa, amma tambayi mutum goma a tashar bas wace waƙa ce ta ɗaya a makon nan, da wuya biyu su sani. Yaro yana da waƙarsa a kunne, ubansa bai ma ji ta ba balle ya yi tsaki.

Tun 2011 tashar BBC Four ke maimaita tsofaffin shirye-shiryen bi da bi, ta faro daga na 1976, inda ajiyar ta fara cika. Masu kallo yanzu yaran jiya ne da furfura, suna zaune da waya a hannu suna yi wa junansu ba'a kan wandunan da suka taɓa sawa. Tun bayan da asirinsa ya tonu, duk makon da Savile ne ya gabatar, tsallake shi ake yi, sai ka ga an tashi daga wannan mako an dira a na gaba, waƙar da ke ta bakwai ta zama ta biyu ba bayani.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Ingila