Alhamis ɗin yajin aiki

18 ga Satumba, 2025

Ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi yanzu da nake wannan rubutu. Tun asuba na san yau sai a hankali. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Paris layuka uku kawai ke aiki yadda aka saba, na 1 da na 4 da na 14, su ma don babu direba a cikinsu. Nawa ba ya ciki. Malamar 'yata ta shiga yajin aiki, dole na bar yarinyar a hannun maƙwabciya, na ɗaura takalmi na kama hanya a ƙasa. Sa'a ɗaya da minti goma na yi kafin na isa gidan tsohuwar da nake kula da ita.

Raina yana tare da masu yajin da ke adawa da shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, amma ni ba ni da halin shiga. In ban je ba, babu mai tayar da ita daga gado, babu mai yi mata wanka. Shekarunta 87, 'ya'yanta suna nesa. Na same ta zaune a bakin gado da rediyo a kunne, ta ce, "'Yata, da ƙafa kika zo?" Na ce, "Da ƙafa, Madam." Ta riƙe hannuna ta yi shiru.

Maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa, na fita karɓo wani, sai na tarar da kantin magani a garƙame. Ashe su ma yau suka zaɓa, kan nasu ƙorafin. Sai a na huɗu na samu. Da na dawo na jera mata ƙwayoyin a ɗan akwatinta mai gida bakwai, kowace rana da nata, a nan hira ta ɓarke. Ta ce ita tsoro take ji. Bashin Faransa ya haura Yuro tiriliyan 3.3, giɓin kasafin bara ya kai kashi 5.8 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, alhali ƙa'idar Tarayyar Turai kashi 3 ce. Juma'ar da ta wuce kamfanin Fitch ya rage wa ƙasar daraja a idon masu ba da rance. Ta ce wanda ya ci bashi dole ya biya, ihu a titi ba ya goge ko sisi.

Ban musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa. Ni ma na san ciwon bashi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa ake fara ƙwanƙwasa wa ƙofa. Da François Bayrou, firaminista a lokacin, ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na kusan Yuro biliyan 44 a watan Yuli, me ke ciki? A soke ranakun hutu biyu, Litinin ɗin Ista da 8 ga Mayu, mu yi aiki ba ƙarin ko kwabo. A daskarar da fansho da tallafi shekara guda. A ninka iyakar abin da mara lafiya ke biya daga aljihunsa kan magani, daga Yuro 50 zuwa 100 a shekara. Na nuna mata akwatin ƙwayoyin da ke hannuna, na ce, "Madam, wannan suke nufi." Majalisa ta kayar da gwamnatin Bayrou ranar 8 ga wata, ƙuri'a 364 a kan 194. Sébastien Lecornu da ya gaje shi ya janye batun ranakun hutun, amma har yau ko ministocinsa bai naɗa ba. Firaminista na uku ke nan cikin shekara ɗaya, kuma majalisar na nan rabe gida uku tun zaɓen 2024, babu mai rinjaye, kowa ya ja ya tsaya.

Inda aka cije shi ne harajin da ake kira da sunan masanin tattalin arziki Gabriel Zucman: duk wanda dukiyarsa ta haura Yuro miliyan 100, a tabbatar abin da yake biya a shekara bai gaza kashi 2 cikin 100 na dukiyar ba. Gidaje kusan 1,800 ne abin ya shafa a ƙasa mai mutum miliyan 68. Majalisar wakilai ta amince da shi a Fabrairu, ta dattawa ta yi fatali da shi a Yuni. 'Yan gurguzu sun ce sai da shi za su bar gwamnati ta sha ruwa, masu ra'ayin riƙau da ƙungiyar masu kamfanoni sun ce faufau. Madam ta ce attajiran za su kwashe nasu-ya-nasu su bar ƙasar, kuma dukiyar yawancinsu hannun jari ce, ba tsabar kuɗi ba. Maganar tana da nauyi, na yarda, kuma ko duk biliyan 20 ɗin da masu goyon baya ke hasashe ta shigo, ba za ta toshe ramin ba. Amma ni tun kafin albashina ya taɓa hannuna an yanke nawa, duk wata, ba wanda ya taɓa tambayata ko zan gudu. A 2018 aka soke tsohon harajin dukiya. A 2023 aka ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Ni da ke ɗaga mutum daga gado da bayana, na san abin da shekara biyu ke nufi.

Da yamma na bi ta kusa da dandalin Nation, inda jerin gwanon da ya taso daga Bastille ya ƙare. 'Yan sanda kamar farin ɗango. Na ga wata ma'aikaciyar jinya da fararen kayanta zaune a gefen hanya, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa, kwalinta jingine a gwiwa. Muka haɗa ido, ta ɗaga mini kai, na ɗaga mata. Sai hawaye ya zo mini, ban shirya masa ba.

Labaran dare sun ce ƙungiyar ƙwadago ta CGT ta ƙirga fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, hukuma ta ce kusan rabin haka. 'Yata ta tambaye ni ko gobe akwai makaranta, na ce akwai. Ruwan ya huce. Ƙarfe bakwai Madam ke shan ƙwayar farko.