Ɗan ƙarfen da za a sa wa Baba

Tun bayan sallar asuba muka fita. Yaya na tuƙi, ni da Baba a baya, ledar magungunan sugansa a kan cinyata.

Hoton ya fito. Jijiyar jinin cinyarsa ta hagu ce ta tsuke, shi ya sa ko masallacin unguwa ba ya kaiwa sai ya tsaya sau biyu yana dafa bango. Likita ya ce sitent za a sa masa, ya jawo durowa ya ɗora mini samfuri a tafin hannu. Ɗan bututu ne saƙaƙƙe kamar raga, kaurinsa bai fi na fensir ba. Na matse shi da yatsu biyu, ina saki ya koma yadda yake. Nitinol sunan ƙarfen, gamin nikel da titaniyam, wanda aka gano halinsa a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka a farkon shekarun 1960. A sanyi ake tsuke shi a cusa cikin siririyar roba, a bi da shi ta jijiyar matsematsi. Da an janye robar, a ɗumin jiki na digiri 37, sai ya buɗe da kansa ya tokare bangon jijiyar.

Baba har da dariya. "Ikon Allah! Ashe ƙarfe ma yana tuna asalinsa." Muka yi ta dariya, har nas ɗin da ke rubutu.

Sai ya gyara hularsa ya ce, "To likita, ranar da jikin ya yi sanyi fa? Zai koma ya tsuke, ko da shi za a rufe ni?"

Ɗakin ya yi tsit. Likita ya ce a hankali, "Baba, ba ya tsukewa da kansa, laushi kawai yake yi. Kuma ba a cire shi. Allah ya ƙara nisan kwana." Baba ya ce amin, ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin gero.

Ni kuwa maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ban taɓa jin ya ambaci ranar nan da bakinsa ba, sai yau.

A hanya muka sayi lemo. Inna ta yi tuwon dawa, ban iya ci ba. An ba mu ranar Alhamis ta sama, an ƙara masa asfirin da wani maganin hana jini daskarewa.

Ɗazu na leƙa ɗakinsa. Yana barci, ƙafar hagun a waje da bargo. Na taɓa ta, da sanyi-sanyi kamar kullum, na ja bargon na rufe masa.