Guzurin da na yi wa tafiyar Argungu

Ƙannena, wannan magana taku ce, ku da kuka fara haɗa kuɗi kuna ɗaukar mota kuna fita yawon buɗe ido. A watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba, mu huɗu muka tashi daga Yauri. Ni ne babba, don haka ni aka damƙa wa kuɗin guzuri. Sai na juya sayayyar: abin da ya kamata in saya a hanya na saya a gida, wanda ya kamata in ɗauko daga gida na ce sai mun isa.

Tun da safe na cika but ɗin mota da tumatir, attarugu, albasa, burodi da ɗanyen kifi, da niyyar mu riƙa dafa abincinmu. Wanda ya san zafin Maris a Kebbi ya san yadda but ke zama. Muna wuce Koko wari ya fara shigowa, a Jega muka tsaya muka zubar da kifin, tumatirin kuma jarkar ruwa ta danne shi ya zama miya. Can na ga albasar Aliero jibge a bakin hanya, ta fi tawa girma, ta fi ta araha. Abin da ya tsira a ledata shi ne garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da sukari, su ne kuwa suka riƙe mu kwana uku.

Asarar kifi ba ta dame ni kamar ɗaya kuskuren ba. Kafin mu fito, Inna ta biyo ni har ƙofar gida ta ce, "Ɗan nan, ka ɗauki gidan sauro, bakin ruwa za ku." Na ce mata, "Inna, ai akwai kasuwa a can." Akwai ɗin, amma garin ya cika maƙil da baƙi, masauki ya ƙare, 'yan tireda sun ɗaga farashi, gidan sauro kuwa muka neme shi muka rasa. Tocila na saya bayan magariba, cikin gaggawa, ban sa batir na gwada ta a gaban mai ita ba. Ko minti goma ba ta yi ba ta mutu.

Wani bawan Allah ya ba mu tsakar gidansa, Allah ya saka masa da alheri. Gidan bai da nisa da fadama, kuma ƙasar shinkafa ba ta rabuwa da sauro. Tabarma biyu muka raba mu huɗu. Gab da asuba sanyi ya sauko, babu mai bargo, domin da muka bar gida zafin rana kawai muke tunani.

Mun ga abin da muka je gani. Dubban masunta sun faɗa kogin Matan Fada lokaci guda da homa da gora, abin da har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Amma kwana goma da dawowarmu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙaramin cikinmu, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda aka ba ni amanarsa. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa.

Saboda haka gidan sauro, tabarma, bargo mara nauyi, buta, tocila da igiyar caji, ku same su a garinku kwana biyu kafin tafiya, wurin mai shagon da ya san fuskarku, wanda za ku iya mayar masa da kaya in sun ƙi aiki. Jarkar ruwa ku shinshina ta, kada ta zama wadda aka taɓa zuba wa kalanzir. Ku riƙe tsabar kuɗi da canji, domin a taro irin wannan sabis kan ɗauke, mai POS ya tsaya yana kallonku. Kayan miya da kifi kuwa ku bari sai inda za ku ɗora tukunya.

Ranar da na je gaishe da yaron, mahaifiyarsa ba ta ce mini komai ba sai "Sannu da zuwa, Yayansu." Gidan sauron da Inna ta miƙo mini na same shi a kan gadona, a naɗe yadda na bar shi.